Gada, tagwayen titi ko faci: wanne ne zai rage mana shan mai a Katsina?

Kafin 29 ga Mayun 2023, in an yi sabon titi a Katsina abu biyu ake dubawa, kyansa da yadda mota ke sheƙa gudu a kansa. Litar fetur tana ƙasa da naira 200, ba wanda ya damu da abin da hanya ke tsotse masa a tanki. Da aka janye tallafin mai a ranar, lita ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake 1,000, sai kowa ya koma malamin lissafi. Mai Napep na kashe inji a gangara, ma'aikaci ya jingine mota ya hau babur, direban Kano ba ya barin tasha sai ya cika maƙil. Amma in aka zo maganar aikin da za a roƙa wa unguwa ko gari, har yau da tsohon mudu muke awo.

Jihar nan tana da mazaɓu 361, kuma yanzu akan tara jama'a a ji buƙatunsu kafin a tsara kasafin kuɗi. Ga ƙungiyoyin ci gaban unguwa, ga na direbobi, kowa da takardar da zai kai wa kansila ko ɗan majalisa. Buƙata ɗaya ko biyu za a saurara, sauran sai wata shekara. Wani ya ce gada, wani ya ce a mayar da titin hannu biyu, wani ya ce danja, iyaye mata su ce a sa tudun rage gudu, dattijo daga gefe ya ce ku dai a cike mana ramukan nan. Kowa da hujjarsa. Ni ta fuskar mai zan auna su, domin shi ne harajin da muke biya kullum ba tare da an yanka mana rasit ba.

Sai an fara sanin inda man yake tafiya. A cikin gari, tashi daga tsaye ne babban mai cinye shi. Dubi ɗan ga-ruwa da kurarsa cike da jarkoki: in ta ɗauki hanya ko da hannu ɗaya yana tura ta, amma tsayar da shi ka ga yadda zai kafe ƙafa a ƙasa, jijiyar wuya ta fito, kafin ta sake motsawa. Shi ya sa tun daga nesa yake maka ihu ka kauce. Inji ma haka yake, illa shi guminsa fetur ne. Duk birkin da ka taka, ƙarfin da ka saya a gidan mai ne ka mayar zafi ya bi iska.

Abin yana lissafuwa. Ƙaramar mota irin Golf ko Corolla, mai nauyin kilo 1,200 da 'yan kai, in tana tafiyar kilomita 50 a awa ta tsaya cak sannan ta koma gudunta, wannan tashin kaɗai zai ƙone mata kimanin mililita 15, cikin babban cokali guda ke nan. Injin fetur wajen rubu'in ƙarfin man kawai yake isarwa ga taya, saura zafi ne da hayaƙi. Tirela mai tan 40 kuwa, tsayawa guda irin wannan tana ci mata kusan sulusin litar gas. Kuma in gudu ya ninka biyu, abin da ake zubarwa a birki ninki huɗu yake zama. Sai zaman jira inji na kunne, wanda ke cin tsakanin rabin lita da lita guda a awa ga ƙaramar mota, fiye da haka in na'urar sanyi tana aiki. A riƙe cokalin nan da sulusin litar nan, da su za mu auna komai.

Mu fara da gada, tunda ita ce sarauniyar buƙatu. Gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya, waɗanda gwamnatin Aminu Bello Masari ta gina aka buɗe a Janairun 2023, sun yi abin da aka gina su dominsa: mai wucewa kai tsaye ya daina tsayawa. Wanda ya san yadda Ƙofar Ƙaura ke cushewa da yamma a da ba zai yi gardama ba. To amma mu ƙaddara wata mararraba ce da mota 10,000 ke tsayawa a cikinta kowace rana, kowace ta yi jiran minti guda. Cokalin tashi ya ba mu lita 150, jiran ya ƙara wajen 130, a ce lita 300 a dunƙule. A kan naira 1,000 kowace lita a misali, naira 300,000 ke nan a rana, miliyan 110 a shekara. Kuɗi ne, ba wasa ba. Sai dai in gadar ta ci naira biliyan 3, kusan shekara 27 za a yi kafin man da ta yi tsiminsa ya biya ta. Lissafin ma na yi masa sassauci, don yawancin abin da ke bin mararrabunmu babura ne da Napep, waɗanda ba su kai mota sha ba, kuma masu kwana hagu da dama suna nan a sama suna jiran juna kamar da. Gada tana da wasu amfanonin, lokaci da raguwar karo a tsakiyar mararraba, kuma waɗannan na iya isa hujja. Amma wanda ya ce maka gada yake so don a rage shan mai, ka ce ya sake duba takardarsa.

Yanzu mu ɗauki buƙatar dattijon nan da ba wanda ya tafa masa. Titi ne mai tsawon kilomita 2 a cikin unguwa, da wurare goma da suka farfashe. Tsaya gefe ka kalli Napep guda. Yana tahowa da gudunsa, ya hango rami, ya taka birki har fasinjan gaba ya dafe ƙarfe, ya sauko giya ɗaya, ya ratsa ta hannun da ba nasa ba, ya ci karo da mai babur da shi ma ramin yake gudu, su yi cirko-cirko, a yi 'yar musayar magana, sannan ya murɗa totur inji ya yi kuka hayaƙi ya turnuƙe. Bai yi taku hamsin ba ga wani ramin. Ƙaramar mota da ke saukowa daga gudun 40 zuwa rarrafe tana asarar wajen mililita 8 ko 9 a kowane wuri, goma ke nan ta zubar da kusan 85. Titin nan in lafiyayye ne, abin da za ta sha daga farkonsa zuwa ƙarshe bai wuce mililita 160 ba. Ramuka sun ƙara mata rabin kuɗin tafiyar. In mota 5,000 ke bin sa a rana, an haura lita 400, fiye da abin da waccan mararraba mai neman gadar biliyoyi ke ci. Gyaransa kuwa maganar miliyoyi ce, ba a kuma sa kuɗin shokozoba da taya da zaman garejin bakanike a ciki ba.

Ko titin da bai kai ga rami ba, ya dai yi kurji yana girgiza mota, yana da nasa cin. Injiniyoyi suna da ma'aunin rashin santsin hanya, kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya gano cewa duk hawa mataki guda a ma'aunin yana ƙara wa ƙaramar mota kusan kashi 2 cikin 100 na shan mai. Kaɗan ne a ido, amma kowace mota ce ke biya, kowace rana, tsawon shekarun da titin zai yi a haka. Bankin Duniya ya taɓa yin wannan lissafi a 1988: ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali gyaran da bai kai na biliyan 12 ba zai iya tsare su. Shekara kusan arba'in da faɗar haka, har yanzu ba a yanka kyalle a buɗe faci, don haka ba mai son a ce aikinsa ke nan.

Sai dai faci yana da sharaɗi, kuma in ba a cika shi ba gara ma a bar kuɗin. Ruwa ne ke kashe kwalta. Daminarmu gajera ce amma a dunƙule take zuwa, ruwan Agusta in ya sauko bai sami lambatu ba sai ya kwanta a kan titi, ya tsiyaya ta tsaga, ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, tifa ɗaya ta bi ta kai shi ke nan. Duk facin da aka yi ba tare da an yashe magudana an gyara kwalbati ba, damina ɗaya zai gani. Da rani kuma ga yashi. Kowa ya lura da yadda rairayi ke taruwa a gefen titunanmu har ya cinye rabin hannu. Mai babur yana tsoron santsinsa sai ya dawo tsakiya, mota ta rasa wurin wucewa ta bi shi a baya da giya biyu. Titi mai faɗin mota biyu ya koma na ɗaya, ba don an gina shi da ƙunci ba. Tsintsiya da shebur da tifa guda sun isa su dawo da faɗin da wani ke neman a rushe gidaje a samar. Don haka mai rubuta buƙata kada ya rubuta faci shi kaɗai, ya haɗa da magudana da wanda zai riƙa kwashe yashi, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa: titin jiha na hukumar gyaran hanyoyi ta jiha ne, wato KASROMA, na tarayya kuma na takwararta FERMA.

Mararraba fa, in gada ta fi ƙarfinmu? Nan zaɓi uku ne, shataletale, danja, ko mai ba da hannu. A garin Bekisho na ƙasar Suwidin an auna abin: inda aka cire danja aka sa ƙaramin shataletale, shan mai ya ragu da kashi 28 cikin 100, don motoci suna rage gudu su silale ba tare da sun tsaya ba. Amma a wannan binciken dai, inda aka sa shataletale a ƙananan mararrabun da a da babbar hanya ke wucewa abinta, man ya ƙaru da kashi 3. Ke nan magani ne na wurin da ake tsayawa da yawa, in ka kai shi inda ba cuta sai ya zama ita. Ba ya neman lantarki, ba ya lalacewa, wannan babbar daraja ce a wurinmu. Rauninsa hali ne: yana aiki ne kawai in mai shigowa ya bar na ciki ya wuce. Ran da kowa ya ce shi ne a kan gaskiya, ko hannu ɗaya ya rinjayi sauran kamar lokacin tashin ɗalibai a hanyar Dutsin-ma, sai ya ƙulle, sai an kira mai ba da hannu ya kwance.

Danja ta fi dacewa da wurin da motoci suka yi yawa daga kowane ɓangare, ko inda masu tafiya a ƙasa ke buƙatar a tsayar musu da hanya su tsallaka. Wutar da take ci ba abin damuwa ba ce yanzu, ƙwayayen LED sun rage cin da fiye da kashi 80 bisa tsofaffin, faranti da batir sun wadatar, matuƙar akwai mai goge ƙurar hunturu da mai canja batir in ya mutu. Inda take cin mai shi ne saiti. Danjar da aka saita sau ɗaya aka tafi, tana ba hannun da ba kowa daƙiƙa sittin da sha ɗayan dare kamar yadda take ba shi da takwas na safe, injin ƙona fetur ce. Jihar Kaliforniya ta yi shekara goma daga 1983 tana aikin sake saita danjojinta kawai, ba sabon titi ba gada, aka sami ragin mai na kusan kashi 8 a hanyoyin da aka taɓa. Dabarar ita ce a jera su, wanda ya sami kore a ta farko in ya riƙe matsakaicin gudu ya tarar da kore a ta biyu da ta uku. In za a nemi danja, a nemi mai ƙirga daƙiƙu a fili. Direba in ya ga saura daƙiƙa hamsin zai kashe inji, kuma jiran da ya wuce daƙiƙa goma kashewa ta fi bari a kunne riba. Wannan ban da mai batirin da sai an tura, shi kam ya bar abinsa a kunne, kada ya tara mana wani cunkoson.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin siminti ko buhu guda, amma ya fi duka wuyar yi. Je bakin kowace mararraba ko ƙofar kasuwa ka ga inda Napep ke sauke fasinja: daidai kan kwana, inda hanya ta fi ƙunci. Ga mai lemo ya turo baro, ga mota an ajiye an shiga banki. Cunkoso da yawa da muke ɗora wa ƙarancin titi daga nan yake tasowa. A ja wurin sauka da hawa baya da taku talatin ko arba'in daga kwana, a yanka masa ɗan lungu a gefe, a sa 'yan KASSAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a jiha, su tsare, an gama. Amma ina da sharaɗi a nan ma. Mai baron nan abincin 'ya'yansa yake nema, kuma wurin da mutane ke tsayawa nan ciniki yake. Kora ba tare da an nuna masa wani wuri kusa ba, sati biyu ne ya dawo, kuma da gaskiyarsa.

Tudun rage gudu shi ne inda lissafin mai ke karo da abin da ya fi mai. Ba wanda ke tashi haka kawai ya gina tudu a titi. Galibi sai an buge yaro, an yi jana'iza, matasa suka fito da siminti cikin fushi. Wanda zai je ya yi wa waɗannan mutane wa'azin mililita bai san abin da yake yi ba. Rai ya fi lita. Abin da za a iya tattaunawa shi ne irin tudun da kuma jerinsa. Ƙunyar siminti mai kaifi, wadda ba fenti ba allo, tana tilasta wa kowace mota ta tsaya cak, tirela ta zubar da sulusin litarta, ƙaramar mota ta daki salansa, mai babur da bai san da ita ba da dare ya sha ƙasa. Tudu mai faɗi da shimfiɗaɗɗen kai, wanda aka yi wa fenti aka kafa masa allo, ana hawa shi a gudun 25 ko 30 ba tare da an tsaya ba, kuma wannan gudun shi ake nema a gaban makaranta. Jerin ma da magana. In aka warwatsa su nesa da juna, direba zai taka wuta ya kai 60 a tsakani sannan ya daki birki, an yi asarar man, yaron da ke tsakanin tudu biyu kuma bai tsira ba. In aka matso da su a daidai inda jama'a ke tsallakawa, zai haƙura ya riƙe gudu ɗaya har ya fita. Garuruwan da ke kan hanyar Kano, irin su Charanchi da Kankiya, da na kan hanyar Daura irin Mashi, su ne wannan magana ta fi shafa, musamman ranar kasuwa.

Tagwayen titi tsakanin gari da gari, kamar aikin hanyar Kano zuwa Katsina, ba ni da ja a kan amfaninsa ga rayuka: raba hannu yana kawar da karon gaba da gaba, wanda shi ya fi kisa. Yana kuma cire bin bayan tirela da jiran damar wucewa. Ta fuskar mai kuwa, hannu ɗaya yake bayarwa ya karɓe da ɗayan. Mota ta fi tsimi a tsakanin kilomita 60 da 80 a awa. Daga nan iska ce ke zama abokiyar kokawa, kuma turjiyarta a gudun 120 ta kusa ninka ta gudun 90. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci 74 ta ga cewa duk ƙarin kilomita 16 a kan 80 yana rage nisan da lita ke kai ka da kashi 12 zuwa 15. Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne. A gudun 90 tafiyar awa biyu ce ba 'yan mintoci, mota ta sha lita 12 a misali. A gudun 120 ka rage kusan rabin awa, ka ƙara lita uku zuwa huɗu. Direban haya da ke zuwa ya dawo kullum, ga buhuna a kan rufi, but a buɗe an ɗaure da igiya, iska na kamawa ta ko'ina, shi ya san inda ribarsa ke zurarewa ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Dokar hanya ma 100 ta yanka wa motar gida a babbar hanya mai hannu biyu, bas da tasi 90. Santsin titi dama ce ta tsimi, ƙafar direba ce ke karɓa ko ta mayar.

Faɗaɗa titi a cikin gari kuma wani zance ne, kuma shi na fi yi wa kallon tsanaki. Wasu masana tattalin arziki biyu, Duranton da Turner, sun bi alƙaluman biranen Amurka suka wallafa a 2011 cewa duk yadda aka ƙara tsawon hannuwan titi, tafiyar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da haka. Birnin Hustan ya faɗaɗa wata babbar hanyarsa a 2008 har ta haura hannu ashirin a wasu wurare, cikin 'yan shekaru cunkoso ya dawo. Katsina ba Hustan ba ce, yawancinmu ba mu da motar da za mu fito da ita don titi ya yi faɗi. Amma muna da namu salon. Titi ya yi kyau, filayen bakinsa su yi tsada, a yanka sababbin unguwanni can gaba, wanda da yake tafiya kasuwa da ƙafa ya koma mai hawa Napep biyu. Kowace tafiya ta yi sauƙi, jimillar man da gari ke sha ta ƙaru. Ga kuɗin diyyar gidaje, ga makamashin ginin kansa, don kwalta sai an dafa ta ta haura digiri 150, siminti kuma daga tanderu mai zafin digiri 1,450 yake fitowa, ban da gas ɗin da tifofi da katafila za su sha.

Hanyar kewaye ta fi ba ni sha'awa, saboda lissafinta yana raba masu mota gida biyu. Ta gabas da aka buɗe a Mayun 2025, mai tsawon kilomita 24, ta haɗa hanyar Dutsin-ma da ta Kano da ta Daura ba sai an ratsa tsakiyar birni ba. Tirela mai lodi tana shan wajen sulusin lita ko fiye a kowace kilomita, wato tsayawa guda a wurinta daidai take da tafiyar kusan kilomita guda. In zagaye ya ƙara mata kilomita takwas amma ya raba ta da tsayawa goma sha biyar, ta ci riba, mu ma da muke maƙale a bayanta cikin gari mun huta. Ƙaramar mota kuwa sai ta tsaya sau biyar kafin ta ƙona man kilomita ɗaya, don haka zagayen kilomita takwas sai ya cece ta daga tsayawa arba'in kafin ya biya kansa. Mai ƙaramar mota da ke bin kewaye lokaci yake saye da kwanciyar hankali, kada ya ce tsimi yake. Hatsarin da ke jiran kowace hanyar kewaye kuwa mun riga mun gan shi a Ring Road, wadda aka yi a bayan gari, gari ya bi ta ya cim mata. In aka bar shaguna da gidajen mai da garejoji suka buɗe ƙofa kai tsaye a kan sabuwar, shekara kaɗan za a fara gina mata tuddai, tirela ta dawo tana tsayawa sau goma sha biyar, wannan karon da ƙarin kilomita takwas a kai. Mazaɓun da hanyar ta ratsa, buƙatar da ta fi musu amfani ita ce a yi titin gefe na masu shago tun filayen ba su cika ba.

To wa zai nemi me? Unguwar cikin birni da titinta ya farfashe, faci da magudana, ba tantama, ko da maƙwabta za su yi musu dariyar ƙaramin buri. Inda matsalar mararraba ce, a fara da janye wurin sauke fasinja daga kwana. In bai isa ba shataletale, in motoci sun fi ƙarfinsa danja mai saiti, gada sai bayan duk waɗannan sun gaza. Kafin a rubuta komai, a sa matasa biyu su zauna a wurin daga bakwai zuwa tara na safe da kuma bayan la'asar, da littafi da biro, su ƙirga abin da ya wuce, nawa suka tsaya, me ya tsayar da su. Sau da yawa abin da ƙirgar za ta nuna ba shi ake zato ba. Muna da Jami'ar Sufuri a Daura, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a nan Katsina, ɗalibansu na neman irin wannan aiki don rubutun kammala karatu. Takardar da ta zo da alƙaluma ba a ajiye ta a ƙasan tari kamar wadda ta zo da koke kawai.

Mazaɓun karkara lissafinsu daban ne, kuma a can ne ƙaramin aiki ya fi yin babban tasiri. Kwalta har ƙofar gari kowa na so, amma kilomita kaɗan kuɗin zai shimfiɗa ya ƙare. Abin da ke cin man mutumin ƙauye shi ne zagaye. Rafi guda ya cika a Agusta, tafiyar kilomita 6 zuwa kasuwa ta koma 20, mai babur ya ninka kuɗi, a-kori-kura ta ce ba ta zuwa, buhun masara ya iso Mai'aduwa ko Mashi da kuɗin mota a kansa tun ba a taya ba. Kwalbati mai kyau a wannan mashigi, da burji da gireda ke bi sau ɗaya bayan kowace damina, ya cire kilomita 14 daga kowace tafiya, zuwa da dawowa 28. Babur mai shan lita biyu da rabi a kilomita 100 ya tsira da kusan mililita 700 a kowane zuwa kasuwa, motar lodi kuwa lita uku ko fiye.